Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu tsara jadawalin rigakafin yara da matasa

Zuwa ga kwamitocin ƙwararru da ke ba gwamnatoci shawara kan rigakafi, da ma'aikatun lafiya na ƙasashe, da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen rigakafi, ina cikin waɗanda sabon jadawalinku ke sauka a hannunsu bayan kun gama zama kun sa hannu. Na rubuto ne kan yadda sauye-sauyen da kuke yi ke isowa gare mu, da yadda suke isa kunnen iyaye, domin a nan ne nake ganin aikinku mai kyau yana yin rauni.

Tun farko ina so ku san cewa ba da ƙin sauyi na zo ba. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin faɗaɗa rigakafi a 1974, cututtukan yara shida aka sa gaba: tarin fuka, mashaƙo, sarƙewar haƙora, tarin shiƙa, shan inna da ƙyanda. Yau an ƙara ciwon hanta, namoniya, gudawar rota, sanƙarau, sankarar bakin mahaifa, har da zazzaɓin cizon sauro. Binciken da aka fitar a 2024, lokacin cikar shirin shekara 50, ya ƙiyasta cewa rigakafi ya ceci rayuka miliyan 154, kuma miliyan 101 daga ciki jarirai ne. Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu a wannan aiki. Jadawalin da ba ya sauyawa alhali ilimi yana ƙaruwa, shi ne abin tsoro. Kukana shi ne kuna aiko da sauyin, dalilinsa kuma yana zama a teburinku.

Ga misali, allurar HPV da ke kare 'yan mata daga sankarar bakin mahaifa. Da ta fito a 2006, sau uku ake yi. A 2014 aka ce biyu sun wadatar ga 'yan shekara 9 zuwa 14. A Afrilun 2022 SAGE, kwamitin ƙwararru da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara kan rigakafi, ya ce ɗaya ma tana bayar da kariya mai ƙarfi, a Disamban 2022 kuma Hukumar ta sa hakan cikin matsayarta. Ostareliya da Birtaniya sun koma allura ɗaya a 2023, ƙasashe da dama suka bi. Wannan albishir ne babba, ga cutar da ta kama mata kimanin 660,000 ta kashe kimanin 350,000 a shekarar 2022 kaɗai. Amma ku tsaya a inda nake tsaye ku ji yadda uwa ke karɓar labarin. Babbar 'yarta an yi mata biyu, an ma ja mata kunne kada ta kuskura ta rasa ta biyun. Yau ta kawo ƙanwar, an ce ɗaya ce kawai. Sai ta dube ni ta ce, "Malama, to wancan karon ne aka yi mana ƙari, ko yanzu ne ake mana ƙwauro?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma takardar da aka aiko mana ba ta da amsarta.

Alhali kuwa amsar tana nan, mai daɗin faɗa. A Kosta Rika da Indiya an samu 'yan matan da ba su kammala allurarsu ba, aka yi ta bin lafiyarsu shekaru, aka tarar masu allura ɗaya suna da kariya kusan daidai da masu biyu da uku. Sannan aka yi gwaji na musamman a Kenya kan 'yan mata masu shekara 15 zuwa 20, allura ɗaya ta hana kamuwa mai ɗorewa da ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 da na 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, da kusan kashi 97 cikin 100. Wannan bayani bai fi minti ɗaya a baki ba. In na faɗa wa uwa, sai in ga kafaɗarta ta sauka. Me zai hana ku rubuto mana shi a jikin takardar, da harshen da za mu iya maimaitawa? Kuma ku faɗi sauran gaskiyar: allura ɗaya tana rage kuɗi, tana sa kwalaben da ake da su su kai ga ninkin yawan 'yan mata. Babu abin kunya a ciki. In kuka ɓoye batun kuɗi, wani zai tono shi ya ce shi ne ainihin dalilin, sannan ya ce kun yi ƙarya. Haka kuma ku rubuta togaciyar da manyan baƙaƙe: yarinyar da garkuwar jikinta ke da rauni, kamar mai ɗauke da ƙwayar HIV, tana bukatar aƙalla biyu, uku in da hali. Mata masu HIV sun fi sauran mata haɗarin wannan sankara har ninki shida. In saƙon ya zama "ɗaya ta isa" kurum, waɗanda suka fi kowa bukata ne za su tafi da rabin kariya.

Kun san abin da shiru da rashin iya magana suka jawo a wurare daban-daban, amma ku bar ni in tuna muku, domin darasin bai shiga yadda ake aiko da takardu ba har yanzu. A watan Yunin 2013 gwamnatin Japan ta dakatar da ƙarfafa wa iyaye gwiwa kan allurar HPV bayan rahotannin wasu alamomin ciwo da aka yi ta nunawa a talabijin. Ba a cire allurar daga jadawali ba, ba a kuma daina ba da ita kyauta ba, hukuma ce kawai ta daina cewa "ku zo". Yawan masu karɓa ya faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Sai a Afrilun 2022 aka dawo da kiran, bayan kusan shekara tara, bayan ɗimbin 'yan mata sun wuce shekarun da allurar ta fi amfani. A Filifin, an yi wa ɗalibai sama da 800,000 allurar zazzaɓin dengi, sai kamfanin da ya yi allurar ya sanar a Nuwamban 2017 cewa tana iya ƙara haɗari ga yaron da bai taɓa kamuwa da cutar ba. Hankalin iyaye ya tashi, siyasa ta shiga, tsoron ya bazu zuwa kowace allura. Masu cewa sun yarda ƙwarai rigakafi yana da muhimmanci suka ragu daga kashi 93 a 2015 zuwa kashi 32 a 2018, a 2019 kuma ƙyanda ta kashe ɗaruruwan mutane, yawancinsu yara. A Samowa jarirai biyu suka rasu a 2018 saboda ma'aikatan jinya sun haɗa allurar ƙyanda da wani magani a maimakon ruwanta. Kuskuren hannu ne, laifin ba na allurar ba ne, amma an dakatar da shirin watanni, bayani bai kai ga iyaye da wuri ba. Shekara ta zagayo ƙyanda ta ɗauke mutum 83 a ƙasar da al'ummarta ba ta wuce kimanin 200,000 ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a duk waɗannan wurare tsagar daga bakin hukuma ta fara.

Ko a Amurka, inda a Yunin 2025 sakataren lafiya ya sallami dukkan mambobi 17 na kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi, ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta fitar da nata jadawalin a watan Agusta, wanda ya sha bamban da na gwamnati a wasu wurare. Uwa ta wayi gari da jadawali biyu a wayarta. Irin wannan labari ba ya tsayawa a iyakar ƙasa, cikin kwana ɗaya zai zagaya WhatsApp da Facebook ya iso layin da ke gabana. Shi ya sa nake roƙon kowane kwamiti ya riƙa buga hujjojin da ya dogara da su, da sunayen mambobinsa, da duk wata alaƙa da ke tsakaninsu da kamfanonin magani. Wanda zai yanke hukunci kan jikin 'ya'yan mutane bai kamata ya zama wanda ba a san fuskarsa ba.

Bayan dalilin sauyi, akwai dalilin lokaci, wanda shi ma ba a cika faɗa ba. Kowane wata da ke cikin jadawali da hikimarsa. Ana so a yi wa jariri allurar ciwon hanta nau'in B cikin awa 24 da haihuwa saboda jaririn da ya ɗauki cutar daga uwarsa yana da haɗarin da ya kai kashi 90 cikin 100 na zama da ita har abada, abin da kan kai ga lalacewar hanta ko sankara yana tsakiyar ƙarfinsa, alhali babban mutum da ya kamu yawanci jikinsa kan kore ta. Ana fara allurar tarin shiƙa tun mako shida saboda jarirai 'yan watanni ne cutar ta fi kashewa. Ana jinkirta ta ƙyanda zuwa wata tara saboda garkuwar da jariri ya gado daga uwa kan hana allurar kamawa in an yi da wuri, kuma ko a wata taran kusan kashi 85 cikin 100 ne take kama su, shi ya sa ake ta biyu. Ƙasashen da cutar ta yi sauƙi kan jira wata 12 don ta fi kamawa. Ana barin aƙalla mako huɗu tsakanin allura da maimaicinta domin jiki ya samu lokacin koyo. Uwar da ta san wannan ba ta bukatar a tsorata ta kafin ta dawo. Kuma in ta ji cewa wata ƙasa tana yi a wani watan daban, ba za ta zaci ana gwaji da ɗanta ba.

Yanzu in zo kan yaron da ya fi damuna, wato wanda ya makara. Jadawalinku an zana shi ne don yaron da aka haifa a asibiti, aka kawo shi kowane zagaye a ranarsa. Yaran da muke gani da yawansu ba haka suke ba. An yi ƙaura, uwa ta kwanta ciwo, an haifi ƙani, hanya ta yanke, ko an zo an tarar babu allura. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: in an katse, ba a komawa farko, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya, komai tsawon tazarar. Kuma yawancin alluran ba su da shekarar da za a ce an rufe ƙofa. Amma na sha ganin uwa ta zo da yaro ɗan wata goma sha huɗu a goye, ta ciro kati daga leda, duk ya yi laushi ya dusashe, an cike layi biyu an bar sauran. Ma'aikaciya ta duba ranar haihuwa ta ce, "Mama, ai ya wuce shekara, kin makara." Uwar ta ninke katin a hankali, ta gyara goyonta, ta fita ba ta ce komai ba. Ba za ta sake dawowa ba, kuma ba za ta kawo ƙaninsa ba in ta ga ta wuce rana da mako biyu, don kunyar faɗa. Ma'aikaciyar nan ba muguwa ba ce. Rajistar da ke gabanta tana da gurbin 'yan ƙasa da shekara ɗaya ne kawai, alƙaluman da ake tambayarta a ƙarshen wata na 'yan ƙasa da shekara ɗaya ne, kwalaben da aka ba ta an lissafa su ne da yawan jarirai. Tsarin ne ya koya mata cewa wannan yaron ba nata ba ne.

A 2024 yara miliyan 14.3 ne a duniya ba su samu ko allura ɗaya ta jadawalin yau da kullum ba. An ƙaddamar da babban gangamin cike giɓi a Afrilun 2023 don nemo waɗanda annobar korona ta sa aka tsallake, kuma abu ne mai kyau. Sai dai gangami yana da ranar ƙarewa, makara kuwa kullum ana yin ta. Ina roƙon duk sabon jadawali ya zo da ɗan'uwansa a shafi guda: jadawalin wanda ya makara. Ɗan shekara biyu da bai taɓa karɓa ba, me za a ba shi yau, me za a ba shi bayan mako huɗu? Ɗan shekara bakwai fa, da ya kamata a ba shi allurar mashaƙo mai rangwamen ƙarfi irin ta manya? Yaron da ya fara da tsohon tsari sabo ya riske shi a tsakiya fa? Wanda katinsa ya ɓata fa? Waɗannan su ne tambayoyin da muke karo da su kafin azahar, kuma in babu amsa a rubuce kowa zai yi abin da ya ga ya fi masa sauƙi, mafi sauƙin kuwa shi ne a ce wa uwa ta tafi.

Akwai kuma batun kwalba. Allurar ƙyanda ta saba zuwa a kwalba mai ɗaukar yara goma, in an haɗa ta da ruwanta kuma dole a zubar da abin da ya rage bayan awa shida. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko da yaro ɗaya ne ya zo. Amma ma'aikaciyar da aka taɓa tuhuma kan ɓarnar allura za ta ce wa uwa ta dawo ranar da yara suka taru. Uwar da ta baro aikinta ta yi doguwar tafiya, ba lallai ta iya maimaitawa ba. Ku rubuta a sarari cewa ba za a hukunta wanda ya buɗe kwalba don yaro ɗaya ba, ku kuma samar da kwalabe masu ɗaukar biyar, tunda akwai su. Haka batun ɗan mura ko gudawa mai sauƙi ko zazzaɓi kaɗan: ba sa hana rigakafi, amma ana mayar da yara gida saboda su kullum.

Shekara ta biyu ta rayuwar yaro ita ce inda sababbin sauye-sauye suka fi taruwa, kuma ita ce inda muka fi rasa yara. Shekaru da yawa an koya wa iyaye cewa allurar wata tara ita ce ta ƙarshe, har wasu wuraren kan ba da takardar shaidar kammalawa. Saƙon ya shiga sosai. Yanzu ga ƙyanda ta biyu a wata 15 zuwa 18, ga ta ƙarfafa kariya daga mashaƙo da sarƙewar haƙora da tarin shiƙa tsakanin wata 12 da 23, ga ta huɗu ta zazzaɓin cizon sauro a ƙasashen da ke ba da ita. Alƙaluma sun nuna giɓin: a 2024 kashi 84 cikin 100 na yaran duniya sun samu allurar ƙyanda ta farko, kashi 76 ne suka samu ta biyu, alhali sai an kai kashi 95 a duka biyun kafin a tare ɓarkewa. Ƙyanda ba ta da sassauci. Mai ɗauke da ita ɗaya kan iya harbar mutum 12 zuwa 18 marasa kariya, ƙwayar kan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan ya fita, kuma ko yaro ya warke takan goge wani ɓangare na garkuwar da jikinsa ya tara daga wasu cututtuka. A 2023 an ƙiyasta mutum miliyan 10.3 sun kamu, kimanin 107,500 sun rasu, galibi 'yan ƙasa da shekara biyar. Ku da kuka shuka "wata tara an gama", ku ne ya kamata ku fito da ƙarfin da kuka shuka shi ku cire shi.

Allurar zazzaɓin cizon sauro tana bukatar gaskiya ta musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da iri biyu: mai suna RTS,S a Oktoban 2021, da mai suna R21 a Oktoban 2023. A gwajin RTS,S da aka fara a Gana da Kenya da Malawi a 2019, mace-macen yaran da suka isa karɓa ya ragu da kashi 13 cikin 100. Nasara ce ta gaske. Amma ba ta hana kowane zazzaɓi. In ba a faɗa wa uwa haka tun ranar farko ba, ranar da ɗanta ya kwanta bayan allura uku za ta ce aikin banza ne, ba za ta zo ta huɗu ba, ta yiwu ma ta naɗe gidan sauro ta ajiye tun kafin nan don ta zaci an gama.

Sai matasa, waɗanda sunansu ke kan takardunku amma da wuya a gan su a ɗakinmu. Kariyar wasu alluran jarirai tana raguwa da shekaru. Shi ya sa aka ba da shawarar ƙarin allurar mashaƙo da sarƙewar haƙora a shekara 4 zuwa 7, da kuma 9 zuwa 15. Ƙasashe da yawa har yau ba su sa su a aikace ba. Abin da ya faru a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet a shekarun 1990 ya isa gargaɗi: mashaƙo ta kama sama da mutum 150,000, ta kashe dubbai, kuma akasarin waɗanda suka kamu matasa ne da manya. Ɗan shekara goma sha biyu ba a goya shi a kawo shi awo. In ba a je inda yake ba, ba za a same shi ba. Makaranta ce hanya mafi sauƙi, kuma an ga amfaninta: a Ingila an samu raguwar sankarar bakin mahaifa da kusan kashi 87 cikin 100 a cikin matan da aka yi wa allura suna shekara 12 zuwa 13. Amma yarinyar da ba ta zuwa makaranta fa? Ita ce sau da yawa za ta fi nisa da gwajin sankara in ta girma, ita ce kuma tsarin makaranta ke tsallakewa. A 2024 kashi 31 cikin 100 ne kawai na 'yan matan duniya suka samu allurar HPV, burin kuma kashi 90 ne kafin 2030. Jadawalin da ya ce "'yan shekara 9 zuwa 14" bai faɗi wa zai nemo su ba, a ina, da kuɗin wa, bai gama magana ba.

Kuma matashi mutum ne mai kunne da tunani. Ana yawan yin bayani ga iyaye da malamai, a bar mai hannun da za a soka tana raba ido. Na ga yadda layin 'yan mata ke rikicewa in ɗaya ta ga jiri ta zube bayan allura. Suma irin wannan sananniya ce a wannan shekarun, tsoro da tsayuwa da yunwa ke kawo ta, takan wuce cikin mintuna. Amma in ba a gaya musu tun farko ba, ta biyu za ta faɗi, ta uku ta fashe da kuka, wani ya ɗauka a waya, kafin yamma labari ya zama an sa wa yara guba. Maganin abin ba shi da tsada: a yi musu bayani kafin a fara, a yi allurar suna zaune, su huta minti 15, a raba masu jira da waɗanda aka yi wa. Iyaye kuma a sanar da su da wuri a nemi yardarsu, kada su fara ji daga bakin yarinya bayan an gama. Tambayar da suka fi yi ita ce ta haihuwa, ko allurar na hana ta. Ba ta hanawa, an yi ta ga ɗaruruwan miliyoyin mutane tun 2006 kuma bincike bai nuna haka ba. Sankarar da ake gudu ita ce ke raba mace da mahaifarta. Wannan amsa ya kamata ta fito daga bakinku kafin a yi tambayar. Wata tambayar ita ce me ya sa mata kawai. Ku faɗa musu cewa maza ma suna ɗaukar ƙwayar, wasu ƙasashe kamar Ostareliya suna yi musu tun 2013, an fara da 'yan mata ne saboda su cutar ta fi kashewa kuma allurar ba ta wadaci kowa ba.

Game da illa, ina roƙonku ku daina jin tsoron faɗa. Kalmar "ba ta da wata illa" ita ce ta fi ɓata mana aiki, domin daren farko jikin jariri zai yi zafi, cinyarsa ta kumbura, uwa ta ga an yaudare ta. A gaya mata zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba, na allurar ƙyanda kan zo ne bayan mako ɗaya ko fiye, wurin allurar tarin fuka zai yi ɗan ƙurji ya bar tabo kuma kada a matse shi. A gaya mata alamun da ke bukatar a garzayo asibiti. Mummunan bori na jiki da ke toshe numfashi kan faru kusan sau ɗaya cikin allura miliyan, kuma yana da magani in yana kusa, don haka kowane wurin rigakafi dole ya kasance da shi. Ku ba da labarin lokutan da sa ido ya yi aiki. A 1999 an janye allurar gudawar rota ta farko a Amurka, shekara ɗaya da fitowarta, saboda an gano tana jawo naɗewar hanji ga kusan yaro ɗaya cikin 10,000. Ku yi bayanin ɗigon shan inna ma yadda yake: ƙwayar da aka raunana da ke cikinsa tana iya rikiɗa ta dawo da ƙarfi in ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su da kariya. Wannan ne ya sa a Afrilun 2016 ƙasashe 155 suka sauya nau'in ɗigon cikin mako biyu, aka shigo da ta allura, daga baya aka ƙara ta biyu, aka kuma ƙirƙiro sabon ɗigo mai wuyar rikiɗa. Daga yara kimanin 350,000 da cutar ke shanyewa a shekara a 1988, yau asalin ƙwayar ta rage a Afganistan da Pakistan kawai. Iyaye za su iya ɗaukar labarin duka, da nasararsa da matsalarsa. Abin da ba sa yafewa shi ne su ji rabin da aka ɓoye daga bakin wani.

Abu na ƙarshe shi ne jerin yadda kuke yin abubuwa. Sau da yawa sanarwa ce ke riga komai: a ji a rediyo cewa an ƙara sabuwar allura, washegari iyaye su cika layi, mu kuwa ba a koya mana ba, kwalaben ba su iso ba, firjin da zai riƙe su tsakanin digiri 2 da 8 ya riga ya cika, katin da ke hannun iyaye ba shi da layin da za a rubuta ta. Sai mu riƙa rubutawa a gefe da biro, wata ma'aikaciyar a wani wuri ta kasa ganewa ta maimaita ko ta tsallake. Ku juya jerin. A fara koyar da ma'aikata har da na ƙananan wuraren da ke nesa, a kai kaya a tabbatar sun isa, a buga sabon kati da sabuwar rajista masu gurbi tun daga haihuwa har shekara 15, sannan a yi shela. Kuma kafin ku rufe zaman da za ku amince da jadawali na gaba, ku ajiye kujera ga mai yin allurar da hannunta, da uwa, da matashiya, ku karanta musu daftarin, ku ce su maimaita muku abin da suka fahimta. Duk layin da suka kasa maimaitawa, a sake rubuta shi kafin a buga.

Allah ya yi muku jagora, ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya.

Taku cikin girmamawa,
Ma'aikaciyar jinya a sashen rigakafi